Me Ya Sa Makin Gwajin Gida Ba Ya Bin Mutum Zuwa Ɗakin Jarrabawar GMAT?

Duk wanda ya zauna da masu neman gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, a ƙasashen waje ya san wannan kuka: "A gida ina cin 655, na je can na tashi da 595." Mai maganar ba malalaci ba ne. Sau da yawa ma'aikacin banki ne ko injiniya, ya yi wata uku ko huɗu yana tashi bayan asuba yana fama da lissafi kafin ya tafi aiki, ya biya kuɗin jarrabawa da dala, sannan makin da ya bayyana a fuskar kwamfuta ya saɓa wa wanda ya saba gani. Abin da ya fi ciwo shi ne bai san inda makin ya zube ba, don haka bai san abin da zai gyara ba.

GMAT jarrabawa ce da manyan makarantun koyon kasuwanci irin su na Harvard da Wharton a Amurka, da INSEAD a Faransa, da makarantar kasuwanci ta Landan suke dubawa wajen ɗaukar ɗalibai. Ƙungiyar GMAC ce ke shirya ta, kuma asalin jarrabawar ya koma 1954. A watan Nuwamba na 2023 aka fito da sabon tsari, tsohon kuma ya ƙare a ƙarshen Janairu na 2024. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambaya 23, da nazarin bayanai mai tambaya 20. Kowane sashe ana ba shi maki daga 60 zuwa 90, jimilla kuma daga 205 zuwa 805. Tun a nan wasu ke rikicewa, domin sun ji labarin cewa 700 ne makin shiga manyan makarantu. Wannan lissafin tsohon ma'auni ne. A jadawalin da GMAC ta fitar, 645 na yanzu shi ne daidai da 700 na da. Wanda yake gwaji da tsofaffin kayan karatu yana kwatanta lambobi biyu da ba iri ɗaya ba ne, ya fara gyara wannan kafin komai.

Ra'ayina a kan tazarar nan shi ne yawancinta a gida ake ƙera ta, ba a ɗakin jarrabawa ba. Mutane suna ɗaukar makin gida a matsayin gaskiya, makin cibiyar jarrabawa kuma a matsayin tsautsayi. Sau da yawa akasin haka ne. Makin cibiya an auna shi da tsantseni, na gida kuwa mai shi ne ya auna wa kansa, kuma ɗan Adam yana da sassauci ga kansa ko bai yi niyya ba. Kamar mai awon gero ne da mudun gida wanda bakinsa ya ɗan lotsa: a ɗaka buhunsa mudu arba'in ne, a kasuwa talatin da shida, alhali ko ƙwaya ba ta zube a hanya ba.

Amma kafin a zo ga laifin mai gwaji, akwai wani kaso na tazarar da ba laifin kowa ba ne, kuma ba a iya kawar da shi. Babu jarrabawar da ke auna mutum daidai wa daida da tambaya 64. A tsohon tsari GMAC da kanta ta bayyana cewa kuskuren awo yana kusan maki 30, wato mutum ɗaya, da ilimi ɗaya, zai iya zama yau ya ci wani abu, ya zauna gobe ya ci sama ko ƙasa da haka da 'yan gomomi. Sabon tsari ma awo ne, kuma yana da nasa rawar. To a ɗauki misalin wanda ya yi gwaji huɗu ya ci 585, 615, 655 da 605. Wanne zai riƙe a ransa? Ba shakka 655. Shi zai faɗa wa abokai, shi zai sa a gaba ranar da zai yi rajista. Idan ya je ya ci 605 sai ya ce ya faɗi da maki 50. Alhali matsakaicin gwajinsa 615 ne, kuma abin da ya ci yana nan cikin gidan da ya saba zama. Ranar 655 ɗin rana ce da tambayoyin suka faɗo a inda ya fi ƙarfi, cankensa biyu ko uku kuma suka dace. Masana ƙididdiga sun san wannan tun zamanin Francis Galton a ƙarni na 19: sakamakon da ya yi fice sosai, wanda ke biye da shi yakan komo kusa da tsakiya. Saboda haka makin da mutum zai sa rai da shi shi ne matsakaicin gwajinsa uku na ƙarshe, kuma ya ba shi sarari sama da ƙasa. Wanda yake buƙatar 645 bai shirya ba don ya taɓa 645 sau ɗaya. Ya shirya ne in ranarsa mara kyau ma tana kusa da wurin.

Sai kuma batun kayan gwajin kansu. GMAT jarrabawa ce mai bin sawun mai amsawa. Tun 1997 take haka a kwamfuta: in ka amsa daidai, tambayar gaba takan ƙara tsauri, in ka kuskure takan sassauta, kuma makinka ya dogara da nauyin tambayoyin da ka iya, ba yawansu kaɗai ba. Don wannan ya yi aiki, sai an san ainihin nauyin kowace tambaya, kuma ana sanin haka ne ta hanyar gwada ta a kan ɗimbin masu jarrabawa na gaske. GMAC ce kawai ke da waɗannan bayanai. Kamfanonin koyarwa masu zaman kansu suna rubuta nasu tambayoyin, suna kintatar nauyinsu, suna kintatar yadda ake haɗa maki. Wasu lissafinsu ya fi na gaske wuya, wasu kuma tambayoyinsu na auna hujja ba su da irin siririn tarkon da ke cikin na asali. Suna da amfani wajen koyon juriya da saba wa agogo, amma lambar da suke bayarwa a ƙarshe ba abin gina shiri a kai ba ce. Gwaje-gwajen GMAC na shafin mba.com, waɗanda biyu na farko kyauta ne sauran huɗu kuma na saye, su ne ke amfani da tsoffin tambayoyin gaske da tsarin maki irin na jarrabawar. Guda shida ne kawai, don haka dukiya ce da ba a watsa ta.

Nan ne kuma wata ɗabi'a tamu take cutar da mu. Wanda ya taso a Najeriya ya ci WAEC da JAMB da taimakon tambayoyin shekarun baya: a maimaita su har a haddace, domin salon yakan dawo, wani lokaci ma tambayar kanta. Dabara ce mai kyau a inda take aiki. A GMAT kuwa guba ce ga awo. Ana iya sake ɗaukar gwajin hukuma bayan an gama shi, kuma idan an sake, wasu tambayoyin da aka riga aka gani sukan dawo. Ko mutum ya rantse bai tuna amsar ba, idonsa ya tuna. Ya san wancan dogon rubutu a kan tattalin arziki inda ya dosa, ya san zaɓi na biyu tarko ne. Tambaya uku kacal da aka taɓa gani sun isa su kumbura maki ta hanya biyu: an ci su, kwamfuta ta ɗaga mutum zuwa matakin da ba nasa ba, sannan an sami rarar minti huɗu ko biyar da za a kashe a kan sauran. A ranar gaske babu tambayar da za ta zo da fuskar sani, kuma rarar nan babu ita. Haka ma wanda ya yi ta karanta bayanin amsoshi a intanet, yana iya cin karo da tambayoyin gwajin hukuma tun kafin ya zauna masa, bai ma sani ba.

Akwai ƙananan sassauci da kowa ke yi wa kansa yana ganin ba komai. An ƙwanƙwasa ƙofa, ka dakatar da agogo. Wuta ta ɗauke, ka ci gaba bayan awa ɗaya da sabuwar ƙwaƙwalwa. Ka yi sashe ɗaya da safe, biyu da dare. Ka ɗauki wayarka ka duba 17 sau 23 a sashen lissafi, alhali a jarrabawar ba a ba da na'urar lissafi sai a sashen nazarin bayanai kaɗai. Ka yi hutun minti 25 da shayi a hannu, alhali hutun gaske minti 10 ne, sau ɗaya, bayan sashe na farko ko na biyu, kuma cikin mintunan nan ne za a duba ka wajen fita da wajen dawowa. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne. Haɗuwarsu kuwa tana nufin abin da ka yi ba jarrabawar awa biyu da kwata ba ce, wani abu ne daban mai kama da ita.

Har abin rubutu yana da tasiri. A cibiyoyin Pearson VUE, inda ake zama jarrabawar, ba a ba ka takarda da biro. Ana ba ka wasu shafuka masu santsi da aka lulluɓe da roba, da alƙalami mai tawada irin na allo. Bakinsa ya fi na biro kauri, gefen hannu yana iya shafe abin da ka rubuta, in ka bar shi a buɗe ya bushe, in shafukan sun cika sai ka ɗaga hannu a kawo maka wasu. Wanda ya saba da ƙananan lambobi a gefen littafi zai ga 7 ɗinsa ta koma 1 a tsakiyar lissafi. Kafin ka zauna an duba takardar shaidarka, an ɗauki hotonka, an ɗora tafin hannunka a kan na'urar da ke karanta jijiyoyi, an kulle wayarka da agogonka a akwati. A ɗakin akwai wasu masu wata jarrabawar daban, wani yana buga madannai, wani yana tari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa ya kayar da mutum, amma duk baƙon abu yana cin wani yanki na hankali, kuma hankalin nan shi ake aunawa.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne yadda halin mutum game da lokaci yake sauyawa idan abin ya zama na gaske. A lissafi kowace tambaya tana da kusan minti 2 da daƙiƙa 9, a sashen rubutu ƙasa da minti 2 kaɗan, a nazarin bayanai minti 2 da kwata. A gida, in tambaya ta ƙi, mutum yakan ɗaga kafaɗa ya canka ya wuce, don ba abin da zai rasa. A cibiya kuwa ya tuna kuɗin da ya biya, ya tuna wa'adin makaranta, sai zuciya ta ce wannan ba za ta wuce ni ba. Ya zauna mata minti biyar. Can gaba wata ta sake kama shi minti biyar. Ke nan a sashen lissafi sauran tambaya 19 sun tashi da minti 35 kacal, wato minti 1 da daƙiƙa 50 kowacce, kuma ya san yana baya. Daga nan sai gaggawa, kuma gaggawa ba a kan masu wuya take kayar da mutum ba, a kan masu sauƙi ne. A irin wannan tsarin awo, kuskure a tambaya mai sauƙi ya fi kuskure a mai wuya tsada, domin yana gaya wa kwamfuta cewa matakinka ya yi ƙasa da yadda take zato. In kuma lokaci ya ƙare da sauran tambayoyi ba a amsa ba, akwai ragin maki a kan hakan.

Ga irin kuskuren da gaggawa ke haifarwa. Akwai nau'in tambaya da ba a neman amsa, ana tambaya ne ko bayanin da aka bayar ya isa a gano amsar. A ce an tambaya: shin x ya fi sifili? Bayani na farko ya ce x sau x ya ba da 9. Mai natsuwa ya san x zai iya zama 3, zai iya zama 3 ta ƙasa da sifili, don haka bayanin bai isa ba. Wanda agogo ke bi a guje zai ga 9, ya ce 3, ya ce ya isa, ya danna. Ya san ƙa'idar sarai, in ka tashe shi daga barci zai faɗa maka. Daƙiƙa goma na tsayawa ne bai samu ba. Irin wannan ba a magance shi da ƙarin karatun aljabara, kuma abin takaici shi ne yawancin waɗanda suka dawo da ƙaramin maki littafi suke komawa.

Tsarin bin sawu yana da wani sharri ga zuciya. Tunda kwamfuta tana neman iyakarka ne, jarrabawar za ta yi wa kowa wuya, mai ƙarfi da mai rauni. Wanda yake cin maki mai yawa ma yana kuskuren tambayoyi da dama. Mutumin da ya saba zama na ɗaya a aji, wanda a rayuwarsa bai taɓa barin tambaya bai warware ba, shi wannan ya fi girgizawa. Sai ya fara karatun alamu: wannan ta yi sauƙi, ke nan na faɗi ta baya? Ba shi da hanyar sani, kuma duk daƙiƙar da ya kashe a wannan tunani an ɗebe ta ne daga tambayar da ke gabansa. Binciken Sian Beilock da Thomas Carr na 2005 ya nuna abin da ya dace da wannan: a ƙarƙashin matsi, waɗanda suka fi ƙarfin riƙe abubuwa da yawa a ka lokaci guda su ne aikinsu na lissafi ya fi raguwa, domin damuwa tana cinye wurin da suka saba dogara da shi. Wato fargaba ba alamar rashin iyawa ba ce, kuma takan fi cin waɗanda suke da abin da za a ci.

To me za a yi? Mataki na farko ba shi da daɗi: a bar makin gida ya sauko zuwa gaskiya. A ɗauki gwajin hukuma wanda ba a taɓa buɗewa ba, a zauna masa a irin sa'ar da aka yi rajista, da jerin sassan da aka zaɓa, tunda yanzu mutum ne ke zaɓar wanda zai fara da shi. Waya a wani ɗaki, hutu minti 10 da agogo, allo da alƙalamin tawada a maimakon takarda, babu dakatarwa ko da me ya faru. In gida ba ya ba da haka, a nemi ɗakin karatu ko ofis ranar hutu, wurin da ba a saba ba ya ma fi. Mai yiwuwa makin ya faɗi da 30 ko 40. Gara ya faɗi a ranar da ba a biya komai ba kuma akwai sauran makonni na gyara.

Zaɓin jerin sassa ma a gwada shi tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu suna son fara da abin da suka fi tsoro tun kai na da sanyi, wasu suna son fara da inda suke da ƙarfi don zuciya ta kwanta. Duk wanda aka zaɓa, a tsaya a kansa a gwaje-gwajen ƙarshe. Ga wanda Ingilishi ba harshen gidansu ba ne, ina ganin sashen rubutu bai kamata ya zo a ƙarshe ba sai in an gwada an ga yana ɗauka. Karanta dogon rubutu mai sarƙaƙiya a harshe na biyu ko na uku yana cin ƙarfi fiye da yadda muke yarda, kuma bayan awa ɗaya da rabi ido yakan bi layi ba tare da ma'ana ta shiga ba.

Sannan a koyi sakin tambaya, a mayar da shi fasaha da ake horo a kanta kamar kowace. Sabon tsari ya sauƙaƙa wannan: kana iya sa wa tambaya alama, in ka kai ƙarshen sashe da sauran lokaci ka koma ka duba, ka canza amsa har uku a kowane sashe. Ma'anarsa canka da wucewa ba saki uku ba ne, akwai kome. Amma damar tana ga wanda ya kai ƙarshe da lokaci a hannu kaɗai. A sa wa kai doka tun a gida: in minti biyu da rabi sun wuce ban ga hanya ba, na zaɓa, na sa alama, na wuce. A kuma riƙa duba agogo a tashoshi uku ko huɗu cikin sashe, ba bayan kowace tambaya ba. Dokar da ba a bi ta sau da yawa a gwaji ba, ba za a bi ta ranar da zuciya ke bugawa ba.

Bitar gwaji ta fi gwajin kansa daraja, kuma nan ne mutane ke rowa. A ba ta lokacin da ya kai na gwajin ko ya fi. Kowace tambaya da aka faɗi a tambayi dalili: ban san abin ba ne, ko na sani na karanta ba daidai ba, ko lokaci ne ya kore ni? Waɗanda aka ci ma a duba, musamman waɗanda aka ci da canke ko aka ci bayan minti huɗu, domin su ne ɓoyayyen bashin da ke cikin makin gida. Wanda ya rubuta wannan a littafi na makonni zai ga kurakuransa ba su da yawan iri. Uku ne ko huɗu suke ta dawowa da sabuwar riga.

Akwai kuma abubuwan da ba na ilimi ba waɗanda suka fi shafar mai zuwa daga nesa. Wanda zai yi doguwar tafiya zuwa birnin da cibiya take ya isa tun jajibiri, ya je ya ga ƙofar wurin da idonsa. Sunan da ke kan takardar shaida ya zama daidai da na rajista harafi da harafi, kuma mu da ake rubuta suna ɗaya Muhammad a nan, Mohammed a can, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai son yin jarrabawar ta intanet daga gida ya auna wutarsa da layinsa da gaske, domin ana sa ido ta kyamara kuma yankewa a tsakiya tashin hankali ne da ba ya cikin lissafin kowa.

In an riga an zauna kuma makin ya zo ƙasa, kada a yi rajistar gaba cikin zafin rai. Dole ne ma a jira kwana 16 tsakanin zama da zama, kuma ba a wuce sau biyar cikin wata 12. Rahoton maki na hukuma yanzu yana zuwa da bayani dalla-dalla: yadda aka yi a kowane nau'in tambaya, da lokacin da aka kashe a kan kowacce. A ɗora shi kusa da na gwajin gida. Idan tazarar ba ta wuce 20 ko 30 daga matsakaicin gwaje-gwajen da aka yi da gaskiya ba, wannan rawar awo ce, kuma sake zama ba da jimawa ba yana da ma'ana. Idan rahoton ya nuna tambayoyi biyu sun cinye minti goma, sannan kurakurai sun jeru a ƙarshen sashe, matsalar lokaci ce, makonni biyu ko uku na horo da agogo za su iya taɓa ta. Idan kuwa kurakuran sun bazu ko'ina kuma lokaci bai matsa ba, to makin gida ne ya kumbura tun farko, kuma abin da ake buƙata watanni ne na koyon abin da ba a iya ba tukuna, da gwajin hukuma guda ɗaya aƙalla da aka ajiye ba a buɗe ba don auna kai kafin a sake biyan kuɗi.